Yadda ake ƙara shekarun lis na filat a Ingila, daga ƙirga shekaru har zuwa rajista

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayar nan ta yi yawa, kusan duk wanda ya sayi filat a Landan ko Manchesta ko Birmingham sai wata rana ya zo da ita: na je canza mogej (bashin banki na sayen gida) ko na sa gida a kasuwa an ce min wai lis ɗina ya yi gajere, ya zan yi? Shi ya sa na ce bari in zauna in jera matakan a wuri ɗaya yadda suke bin juna, da kuɗin da za a kashe, da wuraren da mutane suka fi faɗawa. Abin da zan faɗa na Ingila ne da Wales, Sikotilan tsarinsu daban ne. Kuma maganar filat nake, gida mai zaman kansa na ajiye masa nasa bayanin a ƙasa.

A taƙaice dai, in filat ɗinka na lis ne to shekaru ka saya, ƙasar da ginin suna hannun wani, shi zan riƙa kira mai ƙasa. Shekarun nan kullum raguwa suke, darajar gidan na bin su. Dokar 1993 ta ba mai filat haƙƙin ya tilasta wa mai ƙasa ƙara masa shekara 90 a kan abin da ya rage, kuma kuɗin ƙasa da ake biya duk shekara ya koma sifili. Haƙƙinka ne, ba roƙo za ka je ba, amma sai ka biya, kuma sai ka bi ranakun da doka ta gindaya sau da ƙafa.

1. Fara da ƙirga shekarunka

Kar ka dogara da abin da dillali ya gaya maka ranar da ka saya. Shiga shafin HM Land Registry, wato ofishin gwamnati na rajistar filaye da gidaje, ka sauke takardar rajistar filat ɗin, fam 7 ne, sannan ka ɗauko lis ɗin kansa, in ya ɓace lauyan da ya yi maka cinikin ko bankinka ko ita Land Registry ɗin za su iya ba ka kwafi. A shafukan farko za ka ga layin da ke cewa shekara kaza daga rana kaza. Nan ne wurin lura, don ranar da aka fara ƙirga sau da yawa ba ita ce ranar da aka sa hannu ba. Za ka ga lis an sa masa hannu a 1991 amma an rubuta shekara 99 daga 25 ga Maris 1988, to daga 1988 ɗin za ka ƙirga, wato zai ƙare a 2087. Mutane da yawa shekara biyu ko uku suke ƙara wa kansu a nan ba su sani ba.

Masu filat ɗin kansul (ƙaramar hukuma) da aka saya ta tsarin Right to Buy, wato haƙƙin ɗan haya ya sayi gidan da yake ciki, yawanci shekara 125 aka ba su. Wanda aka fara ƙirga masa a 1985 zai ƙare a 2110, ka ga kenan a 2030 zai taɓa 80. 'Yan uwanmu da yawa irin waɗannan gidajen ne a hannunsu kuma suna zaune hankali kwance suna ganin 125 ai ba ta ƙarewa.

Gargaɗi: lambar da za ka riƙe a kai ita ce 80. Muddin shekarun da suka rage sun haura 80, ko da kwana ɗaya ne, farashi na da sauƙi. Suna sauka ƙasa da haka sai wani kuɗi ya shigo lissafi, zan nuna shi da alƙaluma a mataki na 4. In kana tsakanin 80 da 83 to yau za ka fara neman lauya, ba bayan sallah ba.

2. Ka cancanta?

Wannan ba wuya. Asalin lis ɗin ya zama an bayar da shi na sama da shekara 21, ba abin da ya rage ake dubawa ba, na asali. Ya zama filat na zama ba shago ko ofis ba. Kuma sunanka ya hau rajista. A da sai ka shekara biyu da mallakar gidan kafin ka nema, an cire wannan sharaɗin tun 31 ga Janairu 2025, amma fa in ka saya kwanan nan kuma Land Registry ba ta gama sa sunanka ba sai ka jira, ko lauyanka ya nemi su gaggauta.

Ba dole ba ne kana zaune a cikin gidan. Wanda ke Kano ko Abuja ko Yamai ya ba da filat ɗinsa haya a Landan shi ma yana da wannan haƙƙi, lauya zai iya sa hannu a madadinsa, abin da ake buƙata kawai adireshi a Ingila ko Wales da za a riƙa aiko da takardu, galibi na ofishin lauyan ake sawa.

Waɗanda za su tsaya su bincika tukuna: masu shiyad onaship (ka sayi kaso na gida kana biyan haya a kan sauran) da ba su gama sayen kasonsu ɗari bisa ɗari ba, su sai dai su bi ta ƙungiyar gidajen da suka saya a wurinta. Sai waɗanda suka sayi gida ta bankin Musulunci, don a yawancin irin wannan tsarin sunan banki ne a kan rajista har sai ka gama biya, saboda haka bankin za ka fara kira ka ji yadda suke yi kafin ka kashe ko fam ɗaya a wurin mai kimantawa, wato ƙwararren da ke ƙiyasta darajar gida. In kuma ku masu filat ɗin ne da kanku kuka mallaki ƙasar ginin tare, to ku kun huta, za ku iya zama ku amince ku mayar da lis ɗin kowa shekara 999, lauya ya rubuta, sau da yawa ba a ma biyan komai sai kuɗin aikinsa.

3. Hanyar doka ko hanyar sulhu

Hanya biyu ce. Ta doka ita ce wadda zan bi a sauran matakan. Ta sulhu kuwa kawai ka rubuta wa mai ƙasa ka ce ina so in ƙara, nawa za ka karɓa, ku daidaita tsakaninku. Tana iya fin sauri, wani lokaci ma ta fi araha, ban ce haramun ba ce. Amma a cikinta ba abin da ya ɗaure shi. Zai iya ja maka rai wata tara yana cewa takarda na wurin lauya har shekarunka su faɗa ƙasa da 80 sannan ya dawo da sabon farashi, zai iya janyewa ana gobe sa hannu, zai iya cewa zai mayar maka da lis ɗin shekara 99 ko 125 gaba ɗaya maimakon ya ɗora 90 a kan wanda kake da shi, kuma zai iya cusa sababbin sharuɗɗa a ciki.

Tun 30 ga Yuni 2022 doka ta hana a sa kuɗin ƙasa a kan sababbin shekarun da aka ƙara, wannan ya rage cuta sosai, amma a hanyar sulhu tsohon kuɗin ƙasan zai iya ci gaba har ƙarshen tsofaffin shekarun. In naka irin mai ninkawa ne duk bayan shekara 10 ko 25, ka ga ba ka rabu da matsalar ba kenan, mai saye na gaba da bankinsa za su gani. Sannan in kana da mogej, hanyar sulhu sai da yardar banki a rubuce, ta doka kuwa bashin da kansa yake hawa kan sabon lis.

Ni dai ra'ayina, in kana kusa da 80 kar ka ma tsaya sulhu, aika notis na doka tukuna (takardar neman ƙarin, tana mataki na 7), ai bayan an aika ma ana ciniki. In kana da 90 ko sama kuma mai ƙasan mutumin kirki ne, gwada sulhun, amma ba tare da ka sa hannu a komai ba sai lauyanka ya karanta kowane layi.

4. Mai kimantawa, da yadda farashin ke fitowa

Kafin ka biya kowa, shafin Leasehold Advisory Service, wadda ake kira LEASE, yana da na'urar lissafi kyauta da za ta ba ka ƙiyasi, kuma suna ba da shawara kyauta don gwamnati ce ke ɗaukar nauyinsu. Wannan don ka san inda ka dosa ne kawai. Lambar da za a sa a notis sai mai kimantawa na gaske, mai rajista da RICS, ƙungiyar ƙwararrun masu kimanta kadarori, kuma wanda aikin lis ne sana'arsa. Wanda ya duba maka gida lokacin saye ba lallai ya iya wannan ba. Ƙungiyar ALEP tana da jerin lauyoyi da masu kimantawa da suka ƙware a wannan fannin.

Zai zo gidan da ɗan abin awo na leza, ya auna ɗakuna, ya ɗauki hotuna, ya karanta lis, ya duba nawa aka sayar da irin filat ɗinka a unguwar. Ka tanadar masa rasit na duk gyaran da ka ƙara da kuɗinka wanda ya ɗaga darajar gidan, don doka ta ce a cire wannan daga lissafi, bai kamata ka biya mai ƙasa a kan abin da kai ka kashe ba. Daga nan zai ba ka lamba uku: mafi ƙasa da za a buɗe ciniki da ita, mafi sama da mai ƙasa zai iya nema, da inda yake ganin za a tsaya. Da ta saman za ka yi kasafinka.

Ga misali don a gane, alƙaluman na kwatance ne. A ce filat zai kai fam 300,000 in lis ɗinsa dogo ne, kuɗin ƙasa fam 100 a shekara. Mai ƙasa yana asarar abu biyu: kuɗin ƙasan da zai daina karɓa, da kuma jiran da zai ƙara yi na shekara 90 kafin gidan ya dawo hannunsa. Wannan na biyun ana lissafa shi ne da kashi 5 cikin ɗari ga filat, tun bayan shari'ar Sportelli. In saura shekara 85, kuɗin jiran zai kama wajen fam 4,700, na kuɗin ƙasa wajen 1,650, duka kusan 6,400.

Yanzu a ce wannan filat ɗin dai an bar shi har saura shekara 70. Kuɗin jira ya tashi zuwa wajen 9,900, in an haɗa da na kuɗin ƙasa ya zama kusan 11,500. To sai wancan kuɗin ya shigo, lauyoyi na ce masa marej baliyu, wato ribar da gidan zai samu saboda ƙarin shekaru, wadda doka ta ce a raba biyu da mai ƙasa in an sauka ƙasa da 80. In mai kimantawa ya ce da gajeren lis gidan 255,000 yake, to daga 300,000 a cire 255,000 a cire 11,500, saura 33,500, rabinsa 16,750. Ka haɗa da 11,500 ɗin, an haura fam 28,000. Gida ɗaya, bambancin shekara goma sha biyar, kuɗi ya ninka fiye da sau huɗu. Wallahi wannan ne ya sa nake ta nanata maganar 80 ɗin nan ga duk wanda ya tambaye ni.

5. Haɗa kuɗi kafin ka taɓa notis

Ban da farashin ƙarin shekarun, akwai lauyanka, akwai mai kimantawarka, sannan doka ta ɗora maka kuɗin lauyan mai ƙasa da na mai kimantawarsa, gwargwadon abin da ya dace. A ƙiyasi lauya yakan karɓi tsakanin fam 1,000 zuwa 2,000, mai kimantawa 500 zuwa 1,000, Landan ta fi tsada, kuma a kan duk waɗannan akwai harajin VAT kashi 20. Ka ninka biyu saboda ɓangaren mai ƙasa. Wanda ya ware fam 4,000 zuwa 5,000 na waɗannan kaɗai bai yi ganganci ba. Ka tambayi mai kimantawa tun farko ko kuɗin ciniki da ɗaya ɓangaren yana cikin farashinsa, don da yawa daban suke cajinsa, wasu da awa.

Abin da ba za ka biya wa mai ƙasa ba shi ne kuɗin da ya kashe wajen ciniki da kai ko wajen zuwa tiribunal (kotun da ke yanke farashi in an kasa daidaitawa), wannan nasa ne. In an kawo maka bil ka ga ya wuce hankali kana da damar ƙalubalantarsa.

In farashin ya kai fam 40,000 ko sama, tambayi lauya maganar harajin sitam, wato harajin da ake biyan gwamnati a cinikin gida, musamman in kana da wani gidan, ko da a Najeriya yake.

Gargaɗi ga mu musamman: lauya zai tambaye ka daga ina kuɗin suka fito kuma zai nemi shaida, dole ce doka ta ɗora masa, ba raini ba ne. In kuɗin adashi ne, ko gudummawar 'yan uwa, ko fili ka sayar a gida aka turo, to tun yanzu ka tara takardu: yarjejeniyar sayarwa, sitetmen na banki da ke nuna shigar kuɗin da fitarsu, wasiƙar wanda ya ba ka kyauta da katin shaidarsa. Kuɗin da suka bi ta hannun ɗan canji ba takarda suna iya tsayar da aiki ana dab da kammalawa, lokacin da ranaku ke gudu a kanka. Sannan ka biya duk bashin sabis caj (kuɗin kula da gini) da kuɗin ƙasa da ake bin ka, don mai ƙasa na da ikon ƙin sa hannu sai an biya.

6. Gano wanda za a aika wa

Ba kullum ba ne wanda kake biya sabis caj shi ne mai ƙasa, galibi ejan ne kawai. Wani ginin ma akwai mai babban lis a tsakani, tsakaninka da mai ƙasa na ainihi. Lauya zai duba rajista ya gano wanda yake da isassun shekarun da zai iya ba ka 90, shi ake aika wa, sauran a ba su kwafi, har da kamfanin kula da gini in sunansa na cikin lis ɗinka. In abin bai fito fili ba akwai notis na Sashe na 41 da ake neman bayani da shi, suna da kwana 28 su amsa.

In mai ƙasa ya ɓace, ba a san inda yake ba, ba shi kenan ba. Ana zuwa kotun kawunti a nuna an neme shi da gaske, kotu ta ba da umarni, tiribunal ta yanke farashi, a zuba kuɗin a asusun kotu. Ya fi ɗaukar lokaci amma ana yi.

7. Notis na Sashe na 42

Wannan takardar ita ce ke tada aikin. A ciki akwai sunanka, bayanin filat da lis, farashin da kake tayi, da ranar da mai ƙasa zai amsa, wadda ba za ta gaza wata biyu daga ranar da aka ba shi ba. Lauyoyi sukan ƙara 'yan kwanaki a kai don gudun gardama. Babban amfaninta shi ne ranar da aka miƙa ta ita ce ranar kimantawa, wato agogo ya tsaya. In ka miƙa kana da shekara 80 da wata ɗaya, ko an shekara ana ciniki da wannan lissafin za a yi.

Gargaɗi: kar ka ce za ka rubuta da kanka don ka ga samfuri a intanet. Kuskuren suna, ko rana, ko mantawa da wani da ya kamata a ba kwafi, yana iya kashe notis ɗin. Haka nan tayin rainin hankali, mutum ya sa fam 100 a inda kowa ya san dubbai ne, kotu ta taɓa soke notis saboda haka. Sa lamba mafi ƙasa da mai kimantawarka zai iya karewa.

Da an miƙa, lauya ya yi wa notis ɗin rajista a kan takardar mai ƙasa a Land Registry, da fom UN1. Kuɗin kaɗan ne, amma in ba a yi ba kuma mai ƙasa ya sayar da ginin ana tsakiyar aiki, sabon mai shi zai iya cewa bai san zancen ba. Ka tambayi lauyanka kai tsaye, an yi ko ba a yi ba.

8. Abin da zai biyo baya cikin wata biyun

Mai ƙasa zai iya neman difozit, kashi 10 cikin ɗari na abin da ka taya ko fam 250, duk wanda ya fi yawa, kuma kwana 14 kake da su ka biya. Saboda haka kuɗin su kasance a hannun lauya tun kafin a aika. Zai iya neman shaidar mallaka, kwana 21 ne a ba shi. Zai kuma turo nasa mai kimantawar ya shiga gidan, da sanarwar kwana uku, in ɗan haya ne a ciki ka sanar da shi da wuri.

A nan akwai abin da mutane ba sa tunawa. Wannan baƙon da idon mai ƙasa ya shigo. In ka fasa bango ka haɗe kicin da falo ba izini, ko ka cire kafet ka sa katako alhali lis ya ce kafet, ko ka raba ɗaki biyu ka zuba 'yan haya, zai gani kuma zai rubuta. Ba zai hana ka ƙarin shekaru ba amma zai buɗe maka wata rigimar daban mai cin kuɗi. Gaya wa lauyanka gaskiya tun kafin a aika notis, ya san yadda zai ɓullo.

Sai amsarsa ta zo, notis na Sashe na 45. Kusan kullum zai ce ya yarda kana da haƙƙi amma farashinka ya yi kaɗan, ya kawo nasa wanda zai iya ninka naka. Kar gabanka ya faɗi, buɗe ciniki ne. In kuma ranar ta wuce bai amsa ba, kana da wata shida ka je kotun kawunti ta ba ka lis ɗin a kan sharuɗɗan da ka rubuta a naka notis.

9. Ciniki, da ranar da ba a wasa da ita

Masu kimantawa biyu za su yi ta musayar alƙaluma, lauyoyi kuma suna kan rubutun sabon lis. A ƙa'ida sabon lis irin tsohon ne, shekaru da kuɗin ƙasa kawai ke canzawa, sai in akwai wani lahani a tsohon da ya kamata a gyara. In ka ga an ƙaro sabon caji ko sabon hani, lauyanka ya ƙi.

In ba a daidaita ba, kowane ɓangare zai iya kai maganar First-tier Tribunal, sashen kadarori, a Wales kuma Leasehold Valuation Tribunal. Ba a kaiwa kafin wata biyu daga ranar amsar mai ƙasa, kuma ba a wuce wata shida. In amsar ta zo 10 ga Maris, ƙofa na buɗewa a Mayu, tana rufewa 9 ga Satumba. Ka wuce da kwana ɗaya, doka na ɗauka ka janye: za ka biya kuɗin da mai ƙasa ya kashe, sai ka jira wata 12 kafin ka sake aikawa, kuma da sabuwar ranar kimantawa. Wanda ya shiga da shekara 80 da 'yan watanni ya yi wannan saken, zai dawo ya tarar da kansa a 78 da rabon riba a kansa. Tiribunal ba ta da ikon ɗaga maka ƙafa a wannan.

Saboda haka rubuta ranar a wayarka, ka manna ta a jikin firij, kar ka bar wa lauya shi kaɗai, shi ma mutum ne mai fayil ɗari a gabansa. Wata na biyar na kamawa ba a gama ba, ka ce a shigar da takarda. Kuɗin shigarwa da na zama 'yan ɗaruruwan fam ne, kuma shigarwar ba ta hana ci gaba da ciniki, hasali ma yawancin maganganu kafin ranar zama ake gama su. Wani mai ƙasan da gangan yake jan ƙafa da daɗin baki yana cewa an kusa an kusa don ranar ta wuce.

10. Kammalawa da rajista

An amince da farashi da rubutu, to akwai wani agogon kuma. Wata biyu ne a sa hannu a biya. In ba a yi ba, akwai ƙarin wata biyu da za a kai kotun kawunti ta tilasta, in waɗannan huɗun suka shuɗe ba a kammala ba kuma ba a je kotu ba, nan ma an ɗauka ka janye. Lauya zai turo maka lissafin ƙarshe: farashi, a cire difozit, a ƙara kuɗin ɓangaren mai ƙasa da duk wani bashi. Ka tura kuɗin da kwanaki a gaba, kuma kafin ka tura ka kira ofishin lauyan a lambar da ka sani ka tabbatar da lambar asusu, 'yan damfara na aika imel na bogi a daidai wannan gaɓar.

Bayan sa hannu lauya zai kai sabon lis Land Registry. Rajistar tana iya ɗaukar watanni masu yawa, in kana da mai saye ko banki na jira a nemi gaggautawa. In ta fito ka sauke sabuwar takardar ka duba da idonka cewa shekarun sun hau daidai. Duka aikin daga notis zuwa sa hannu yakan ci wata shida zuwa shekara.

In kuma sayarwa kake son yi ba ka da kuɗin ƙarin, za ka iya aika notis sannan ka miƙa wa mai saye haƙƙin notis ɗin tare da gidan a rana ɗaya, shi ya ƙarasa, agogon ya riga ya tsaya masa.

A jira sabuwar doka ko kar a jira?

Dokar 2024 ta yi alkawarin shekara 990 maimakon 90, da soke rabon ribar nan, da rage ɗora wa mai filat kuɗin lauyan mai ƙasa. Har zuwa lokacin da nake wannan rubutu waɗannan sassan ba su fara aiki ba, cire sharaɗin shekara biyu ne ya fara, kuma gwamnati ce za ta tsayar da alƙaluman da za a riƙa lissafi da su, waɗanda za su iya sauƙaƙa wa wani su tsananta wa wani. Yadda nake gani, mai shekara 80 zuwa 83 kar ya jira komai. Mai son sayarwa ko canza mogej nan kusa shi ma kar ya jira, don bankuna da yawa suna fara ja da baya tun lis na wajen 80 zuwa 85. Wanda ya riga ya faɗa ƙasa sosai, kamar 60 ko 65, kuma ba ya shirin motsi, shi ne jira zai iya yi wa amfani, amma ya sani kowace shekara farashin tsohon tsari hawa yake, ya zauna da mai kimantawa su auna. Mai shekara 100 da ɗoriya da ƙaramin kuɗin ƙasa ba abin da ke korarsa.

In gida ne ba filat ba

Gida mai zaman kansa dokar 1967 ce ke kansa. Ƙarin da take bayarwa shekara 50 ne kawai, ba a biyan farashi a dunƙule, amma da tsofaffin shekarun sun ƙare sai a sa maka sabon kuɗin ƙasa na zamani wanda yake da nauyi sosai. Shi ya sa kusan duk lauyan da ka je wa zai ce ka bar maganar ƙari ka sayi ƙasar gaba ɗaya, don dokar ta ba ka wannan haƙƙin, gidan ya zama naka ba sauran lis. Matakan sun yi kama da na sama, mai kimantawa, lauya, notis, amsa cikin wata biyu, tiribunal in an kasa daidaitawa, sai dai fom ɗin da lissafin daban ne, kuma in gidan a cikin sabuwar unguwa yake ka sa lauya ya duba ko cajin kula da unguwa zai ci gaba da bin ka bayan ka sayi ƙasar.